Martani: Rushewar Rumfa Ɗaya Ba Ita Ce Tashin Kasuwa Ba

Malam, na karanta maƙalarka a kan wasannin kwamfuta na harbi da ake bugawa ƙungiya-ƙungiya, irin waɗanda kowane ɗan wasa ke zaɓar jarumi mai baiwarsa ta daban. Sau biyu na karanta ta, don kada in yi maka gaggawar hukunci. Alƙalaminka ya zuba kamar yadda ya saba, amma hukuncin da ka yanke bai kwanta mini ba. Tunda a bainar jama'a ka faɗi naka, ni ma a nan zan faɗi nawa.

In na fahimce ka daidai, abubuwa uku ka kafa hujja da su. Na ɗaya, waɗannan wasanni yayi ne, kuma yayin ya wuce, shaidarka kuwa ita ce mutuwar Concord da rushewar gasar Overwatch League. Na biyu, babu abin da ke riƙe mutane a cikinsu sai ƙyale-ƙyale da dabarun tatsar aljihu. Na uku, baiwar da ake raba wa jarumai ta kashe gwaninta, ta mai da wasan hargitsi wanda zagi ya yi wa katutu. Kowanne daga cikin ukun nan akwai ƙamshin gaskiya a jikinsa, kuma zan ba ka haƙƙinka inda ka cancanta. Matsalar ita ce ka ɗauko gaskiya 'yar ƙarama ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin wuyanta.

Mu fara da gawar da ka kawo mana. Concord, wanda kamfanin Firewalk ya yi wa Sony, ya fito ranar 23 ga Agusta, 2024, ana sayar da shi dala 40. A dandalin Steam, mutanen da suka taɓa haɗuwa a cikinsa lokaci guda ba su kai 700 ba. Ranar 6 ga Satumba aka kashe shi, aka mayar wa kowa kuɗinsa, a watan Oktoba kuma aka rufe kamfanin da ya yi shi. Wannan faɗuwa ce mai muni, ba mai musu. Amma ka ajiye alƙalami a nan, alhali labarin bai ƙare ba. Wata uku cif bayan binne Concord, ranar 6 ga Disamba, kamfanin NetEase na ƙasar Sin ya fito da Marvel Rivals. Mutum shida ne ke karawa da mutum shida, shi ma jarumai ake zaɓa, guda 33 a ranar farko. Kamfanin ya ce mutum miliyan 10 sun shiga cikin kwana uku, kafin mako biyu sun kai miliyan 20. A Janairun 2025 an ga sama da mutum 640,000 suna bugawa lokaci guda a Steam kaɗai. Na san adadin ya sauka daga baya, kamar yadda kowane sabon abu ke yi idan ɗoki ya lafa. Amma ta yaya abin da ka ce an yi jana'izarsa a Satumba zai tara wannan taro a Disamba?

Abin da ya kashe Concord a bayyane yake. Ya zo a makare, ya tarar da kasuwa ta cika, ya kuma nemi a biya shi kuɗin shiga a layin da maƙwabtansa ke cewa a shigo kyauta. Jarumansa ba wanda ya san su, ba kuma su da abin da zai sa a so sanin su. Wanda ya shafe shekara biyar yana buga wani wasa tare da abokansa ba zai tashi ya koma wani don kawai sabo ne ba, sai an nuna masa abin da babu a inda yake. Kuma ba a kan Concord aka fara ba. Battleborn ya riga Overwatch fitowa da mako uku a watan Mayun 2016, Overwatch ya danne shi, aka rufe shi a 2021. LawBreakers ya fito a 2017, aka kashe shi a 2018. Da mutuwar wasa ɗaya tana nufin mutuwar dangin duka, da tun 2018 aka yi sadakar bakwai. Sai ga Apex Legends a Fabrairun 2019, wanda masu shi suka ce ya tara mutum miliyan 50 cikin wata guda. Sai ga Valorant na kamfanin Riot a Yunin 2020. Inda kasuwa ke ci, nan ake yawan karyewar 'yan kasuwa, domin nan kowa ke rububin kafa rumfa.

Kalmar yayi ma da ka yi amfani da ita tana neman gyara. Asalin wannan salo yana komawa ne 1996, lokacin da wasu samari uku 'yan Ostireliya suka yi wa wasan Quake kwaskwarima suka kira ta Team Fortress, inda kowa ke ɗaukar aiki daban a cikin ƙungiya. Kamfanin Valve ya ɗauki aikin, ya fito da Team Fortress 2 a Oktoban 2007 da mutum tara, kowa da sana'arsa. Daga 1996 zuwa fitowar Marvel Rivals shekara 28 ke nan. An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, to na yarda ba a kai arba'in ba tukuna. Amma a duniyar kwamfuta, inda na'urar bara ta zama tsohon yayi bana, abin da ya ga shekara 28 ya wuce a kira shi iskar da ke wucewa.

Batun Overwatch League kuwa, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Gasar ta fara a Janairun 2018 da tsarin da aka kwaikwayo daga wasannin motsa jiki na Amurka, kowace ƙungiya da birninta. An ruwaito cewa kuɗin sayen gurbi ya kai dala miliyan 20. Shirin kowace ƙungiya ta riƙa karɓar baƙi a garinta ya zo daidai da annobar korona a 2020, kuɗin da aka zuba bai dawo ba, bayan kakar 2023 aka naɗe tabarma. Lissafin attajirai ne ya ɓaci. A 2024 an kafa wata gasar a madadinta, masu bugawa a ɗakunansu kuma ba su fasa ba. Idan babbar gasar ƙwallon ƙafa ta wata ƙasa ta talauce, ba za ka ga yara sun daina buga ƙwallo a bakin layi ba.

Yanzu ga inda muka fi saɓawa, wato dalilin da ya sa mutane ke zama. Kai ka ce ƙyale-ƙyale ne. Ni kuwa abin da na gani shi ne waɗannan wasanni sun ba kowa aikin yi, kuma sun sa kowa ya ji ana bukatarsa.

A tsofaffin wasannin harbi, abu guda ake nema wurinka: saurin hannu da iya saiti. Wanda ya fi ka saurin danna maɓalli ya gama da kai, gobe ma haka, jibi ma haka, har ka gaji ka bari. Wasannin jarumai suka buɗe wasu ƙofofin. A Overwatch akwai Reinhardt, dattijon Bajamushe mai guduma da ƙatuwar garkuwa, wanda aikinsa shi ne ya tsaya a gaba 'yan'uwansa su laɓe a bayansa. Akwai Mercy, likita, wadda sandarta ke manne wa abokin da take jinya ba tare da wani saiti mai wahala ba, amma sai ta san wa za ta bi, wa za ta bari, da yaushe za ta tsere. A Team Fortress 2 akwai Engineer, makaniki, da zai iya ƙare wasa yana kafa bindiga mai harbi da kanta da na'urar da ke kai abokai bakin daga cikin ƙiftawar ido. Akwai Medic, wanda in ya tara ƙarfinsa zai hana harsashi taɓa shi da abokinsa na daƙiƙa takwas, kuma a kan waɗannan daƙiƙu takwas ake cin wasa ko a faɗi. A Valorant, Cypher ɗan Maroko yana dasa kyamara da tarko ya tsare hanya guda shi kaɗai, don sauran su samu sararin yin wani abu. Uba mai shekara arba'in da hannunsa ya yi sanyi zai iya zama tare da ɗansa mai shekara goma sha biyar a ƙungiya ɗaya, kuma ba don alfarma ake riƙe da shi ba, aikinsa ake so.

Ga kuma abin da maƙalarka ba ta taɓo ba ko sau ɗaya: a yawancin waɗannan wasanni ba a cin nasara da yawan waɗanda ka kayar. Wuri ake so a kama a riƙe, ko wata mota da ake rakiya har ta kai inda aka nufa, kuma ba ta motsi sai akwai naku a kusa da ita. Duk wanda ya yi langa yana yaro ya san wannan darasi, domin komai yawan waɗanda ka tunkuɗe, idan ruwanku bai sha ba, ba ku ci ba. Sau da yawa za ka ga gwani ya kayar da mutum talatin amma ƙungiyarsa ta sha kashi, saboda ya tafi farautar suna ya bar aikin da aka taru a kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan an gina wasan ne yadda dole ka yarda da hakan ko kana so ko ba ka so.

Wannan ya kawo mu kan zarginka na uku, cewa baiwa ta kashe gwaninta. Bari in ba ka misali daga Rainbow Six Siege na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a Disamban 2015 kuma har yanzu ana buga shi. Masu tsaron gida suna ƙarfafa bango da ƙarfe. Masu kai hari suna da Thermite, wanda ke da nakiyar da za ta fasa wannan ƙarfen. Masu tsaro suna da Bandit, wanda ke sa wa bangon wutar lantarki ta ƙone nakiyar. Masu hari kuma suna da Thatcher, wanda ke jefa abin da ke kashe wutar. Bango ɗaya, mutum uku, kowa yana lissafin ɗan'uwansa, kuma ba a harba harsashi ko ɗaya ba tukuna. Wannan ya fi kama da dara fiye da hargitsi. Gwanintar tana nan, ta ƙaru ne ma: sanin taswira, sanin wane jarumi ke maganin wane, ƙirga lokacin da babban makamin abokin gaba zai cika, da haƙurin riƙe naka har lokacin da ya dace. Saiti yana cikin gwaninta, amma mai tsaron raga ma ɗan ƙwallo ne ko da bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba.

Ba na ɓoye cewa wannan tsari yana da wuyar daidaitawa. Tsakanin 2018 da 2019 ƙwararrun Overwatch sun gano cewa idan suka ɗauki masu garkuwa uku da masu jinya uku, suka ajiye maharba gaba ɗaya, kusan ba a iya karya su. Aka shafe watanni ana kallon abu ɗaya har 'yan kallo suka ƙosa, sai da kamfanin Blizzard ya tilasta biyu-biyu-biyu a 2019. A 2022 ya rage ƙungiya daga shida zuwa biyar, daga baya ya dawo yana gwada shida. Kai za ka kira wannan ruɗewa, kuma akwai ruɗewa a ciki. Amma shi ne kuma ke hana wasan tsufa. Duk sabon jarumin da aka ƙara, lissafin kowa sai ya sake, dabarar da ta yi aiki bara sai ta zama tarko bana. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya, mai rawa kuwa ba ya gajiya da wuri.

Ka raina batun su kansu jaruman, ka kira su zanen yara. Ni a ganina rabin sirrin yana nan. Valve ya zana mutanensa tara yadda ko inuwarsu ka hango daga nesa za ka san wanda ke zuwa da abin da zai yi maka, ya kuma yi wa kowannensu ɗan gajeren fim tsakanin 2007 da 2012. Overwatch ya fito da jarumai 21 daga sassan duniya, kowa da harshensa da labarinsa. Daga baya ya ƙara Ana 'yar Masar mai magana da Larabci, da Doomfist, wanda sunansa a labarin Akande Ogundimu, ɗan Nijeriya, ga kuma Numbani, birnin da aka ƙirƙira a Afirka ta Yamma. A Valorant akwai Astra 'yar Gana. Yaron da ya saba ganin Afirka a fim a matsayin wurin yunwa da yaƙi, yau ya ga ɗan ƙasarsa cikin waɗanda ake tsoro a fage, kada ka ce wannan ba komai ba ne. Mutane suna zaɓar jarumi ɗaya su zauna a kansa shekaru, har abokai su riƙa kiransu da sunansa. Marvel Rivals ya shigo da wannan riba a hannu, domin Spider-Man da Black Panther ba sa bukatar gabatarwa. Concord kuwa ya zo da baƙin fuskoki ya ce a biya kafin a gaisa.

To, ga haƙƙinka a kan batun kuɗi. Gaskiya ka faɗa, kamfanonin nan ba waliyyai ba ne. Akwatin canki-canka da Overwatch na farko ya riƙa sayarwa, wanda za ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, ɗan'uwan caca ne, kuma a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce haka ƙarara. Da Overwatch 2 ya fito a Oktoban 2022, an kulle sababbin jarumai sai ka biya ko ka yi doguwar wahala, an kuma soke babban ɓangaren labari da aka yi alkawari a 2023. Da wasan ya shiga Steam a Agustan 2023, 'yan wasa sun yi masa ruwan suka irin wanda ba a saba gani ba, sai a 2024 kamfanin ya janye ya buɗe jaruman ga kowa. Duk wannan ya faru, kuma iyaye su sa ido a kan katin bankinsu.

Sai dai ka juya sababi da sakamako. Ba wanda ke sayen labule don gidan da ba zai kwana a ciki ba. Ana sayen rigar jarumi ne bayan an riga an so wasan. Shaidata ita ce Team Fortress 2. Tun Oktoban 2017 Valve bai sake yi masa wani babban gyara na kansa ba. Asusun bogi masu sarrafa kansu suka mamaye shi shekaru, suna maguɗi, suna hana mutane sakat. Da ƙyale-ƙyale ne ke riƙe jama'a, da sun watse. Maimakon haka, suka yi gangami a 2022, suka sake yin wani a 2024 da takardar koke mai ɗauke da sa hannun ɗaruruwan dubban mutane, suna roƙon a gyara musu wasan da ya haura shekara 16 a lokacin. Kamfanin ya tashi ya share asusun bogin, a Fabrairun 2025 kuma ya saki kayan aikin wasan don masu sha'awa su gina nasu. Mutum ba ya yin irin wannan fafutuka a kan rigar jarumi.

Zagi ma na ba ka. Yana nan, yana da muni, mata kuma sun fi shan sa da zarar sun buɗe baki a na'urar magana. Ni da nake yawan ɗaukar aikin jinya na san daɗinsa: in an ci, maharbi ne gwani, in an faɗi, mai jinya ne ya yi barci. Akwai daren da wani ya bi ni da baƙar magana tun daga farkon wasa har ƙarshe, na kashe na'ura na ce na bari. Bayan kwana biyu abokaina suka kira, wai babu mai riƙe musu baya, na koma. Ka lura, abin da ya kore ni da abin da ya dawo da ni tushensu ɗaya. Inda nasararka ke hannun wani, nan ake samun zumunci, nan kuma ake samun ɗora laifi. Maganinsa hukunci mai tsanani daga kamfanoni da tarbiyya daga gida. Haka kuma cin lokaci: wasan da ake cewa saura ɗaya har asuba ta yi yana iya cinye karatu da salla da barci, kuma ba zan kare wannan ba.

Akwai ma rauni na gaske da ya fi duk waɗanda ka lissafa, na yi mamakin da ba ka kawo shi ba. Waɗannan wasanni ba mallakinka ba ne, aro ne. Suna rayuwa ne a kan manyan kwamfutocin kamfani, ranar da aka kashe su, shi ke nan. Wanda ya sayi Overwatch na farko da kuɗinsa ya wayi gari a Oktoban 2022 babu shi, an musanya masa da wani. 'Yan wasan ƙasar Sin sun rasa shi ɗungurungum a Janairun 2023 saboda saɓani tsakanin Blizzard da NetEase, bai dawo musu ba sai Fabrairun 2025. Mu kuma a nan, ga tsadar na'ura, ga kuɗin data, ga wuta, ga jinkirin intanet da ke sa a harbe ka kafin ka ga wanda ya harbe ka, shi ya sa yawancin matasanmu a waya suke wasanninsu. Da a kan wannan ka gina maƙalarka, da na sa hannu a ƙasa.

Saboda haka hukuncina shi ne: wasanni ɗaiɗaiku za su ci gaba da mutuwa, wasu cikin mako biyu kamar Concord, wasu bayan shekaru. Wataƙila wata rana Overwatch da Valorant ma su bi sahu. Amma tsarin da ke raba wa mutum biyar ko shida aiki daban-daban, ya ce ba mai ci sai an haɗa kai, ya riga ya zauna, har Valve da ya raine shi yana gwada wani sabo mai suna Deadlock tun 2024.

Roƙona gare ka, Malam, kafin ka sake ɗaukar alƙalami a kan wannan batu, ka nemi mutum huɗu ko biyar da ka sani, ku shiga ɗaya daga cikin na kyautan. Kada ka ɗauki maharbi. Ɗauki mai garkuwa ko mai jinya, ka yi wasa goma. In ka fito ra'ayinka bai motsa ba, ka rubuta, zan karanta da zuciya ɗaya. Gani ya kori ji.